Zargin Son Kai a Aikin Jaridar Kimiyya: Muhawarar Juyin Halitta daga Dayton zuwa Dover

Tsakure

Kusan ƙarni guda ke nan masu musun nazariyyar juyin halitta suna kukan cewa kafafen yaɗa labarai sun haɗa baki da masana kimiyya don a danne muryarsu. Su ma masanan suna da nasu kukan, wato 'yan jarida na ɗaukar abin da ba kimiyya ba suna jera shi kafaɗa da kafaɗa da kimiyya. Wannan maƙala ta bi diddigin zarge-zargen biyu ta hanyar nazarin shari'ar Dayton ta 1925, da ta Dover ta 2005, da wasu rahotanni da suka yi fice a manyan mujallu. Matsayin da ta ɗauka shi ne: neman a raba fili daidai ba shi da madogara a inda hujja ta rinjaya, amma ƙorafin raini da zuzuta labari da cusa falsafa cikin rahoton kimiyya yana da ƙamshin gaskiya, kuma can ne karkatar 'yan jarida ta fi yawa.

1. Gabatarwa

Charles Darwin ya wallafa littafinsa On the Origin of Species a Landan ranar 24 ga Nuwamba 1859. Da'awarsa biyu ce. Ta farko, halittu masu rai sun yaɗu ne daga tushe guda, suna sauyawa zuriya bayan zuriya. Ta biyu, abin da ke jan ragamar sauyin shi ne tacewar yanayi: wanda siffarsa ta fi dacewa da muhallinsa ya fi barin zuriya, siffar tasa ta yawaita. Waɗanda suka ƙi wannan bayani ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai masu cewa duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, ra'ayin da littafin The Genesis Flood na John Whitcomb da Henry Morris ya farfaɗo da shi a 1961. Akwai waɗanda suka yarda duniya ta daɗe amma suka ce kowane nau'i an halicce shi ne daban. Daga baya aka samu masu ra'ayin "ƙira mai hikima", waɗanda ke cewa wasu sassan halitta sun yi sarƙaƙiyar da tacewar yanayi ba za ta iya samar da su ba, ba tare da sun ambaci sunan mai ƙirar ba.

Ba aikin wannan maƙala ba ne yanke hukunci a kan aƙidar kowa. Tambayarta ta ɗan jarida ce: idan aka kawo masa wannan taƙaddama, me adalci yake nema daga gare shi? Amurka ce babban fagen nazarin, domin a can ne rigimar ta shiga kotu, aka rantsar da shaidu, aka bar mana rubutaccen bayanin da za a iya auna rahotannin jarida da shi.

2. Dayton, 1925: shari'ar da aka shirya domin jarida

A watan Maris na 1925 jihar Tennessee ta kafa dokar Butler, wadda ta hana malaman makarantun gwamnati koyar da cewa ɗan Adam ya samo asali daga wata dabba. Ƙungiyar kare 'yancin farar hula ta Amurka ta sanar a jarida cewa za ta tsaya wa duk malamin da ya yarda a gwada dokar a kansa. Wasu 'yan kasuwa da shugabannin Dayton, ƙaramin gari mai mutum ƙasa da dubu biyu wanda arzikinsa ya ja baya, suka hango talla a kyauta. Su ne suka nemi John Scopes, matashin malami mai shekara 24, ya amince a tuhume shi. Tun daga tushe, ke nan, an shirya shari'ar ne da 'yan jarida a zuciya.

Suka kuwa zo, fiye da ɗari. Gidan rediyon WGN na Chicago ya watsa zaman kotun kai tsaye, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa sau uku, ya shiga ɓangaren masu gabatar da ƙara, Clarence Darrow ya kare Scopes. An fara ranar 10 ga Yuli, aka gama ranar 21, aka ci tarar Scopes dala 100. A 1927 babbar kotun jihar ta soke hukuncin saboda kuskuren ƙa'ida, amma dokar ta ci gaba da zama har 1967.

Abin da ya fi shari'ar daɗewa shi ne hoton da 'yan jarida suka zana. H. L. Mencken na jaridar Baltimore Sun ya riƙa aika rahotanni masu kaifin ba'a, yana siffanta mutanen yankin da gidadanci da jahilci, kuma ko mutuwar Bryan, kwana biyar bayan kammala shari'ar, ba ta sa ya sassauta alƙalaminsa ba. Wasan kwaikwayon Inherit the Wind na 1955 da fim ɗinsa na 1960 suka ƙara kafa wannan hoto. A cikinsu an jefa malamin a kurkuku, alhali Scopes bai taɓa kwana a tsare ba. An nuna mai wakiltar Bryan a matsayin wanda ya kafe kan cewa kwanakin halitta kwanaki ne na awa ashirin da huɗu, alhali Bryan na gaskiya ya faɗa a gaban kotu cewa suna iya zama zamunna masu tsawo.

Akwai kuma abin da rahotannin lokacin ba su damu da shi ba. Littafin da jihar ta amince a koyar, A Civic Biology na George Hunter (1914), ya jera jinsunan 'yan Adam hawa-hawa ya ɗora Turawa a bisa, ya kuma goyi bayan hana waɗanda ya ɗauka marasa nagarta haihuwa. Wani ɓangare na tsoron Bryan shi ne yadda ake fakewa da sunan Darwin a halatta danniyar mai ƙarfi a kan mara ƙarfi. Bryan bai fahimci ilimin halittu ba, amsoshinsa ga Darrow sun nuna haka, amma wannan tsoro nasa ba shirme ba ne, kuma mu 'yan Afirka mun fi kowa sanin inda irin wancan jeri ya ajiye mu. Masanin tarihi Edward Larson ya warware yawancin waɗannan bayanai a littafinsa Summer for the Gods, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 1998. Duk mai cewa jarida ba ta taɓa yi wa masu addini rashin adalci a wannan muhawara ba, bai karanta tarihin Dayton ba.

3. Dover, 2005: ranar da aka rantsar da 'yan jarida

Bayan Dayton kotuna suka riƙa toshe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar Arkansas mai hana koyar da juyin halitta. A 1987 ta rushe ta Louisiana, wadda ta tilasta a ba "kimiyyar halitta kai-tsaye" lokaci daidai a aji. Dalilin duka biyun ɗaya ne: tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini. Daga nan salo ya sauya. Cibiyar Discovery Institute ta birnin Seattle ta ɗauki tutar ƙira mai hikima, da taken a koya wa ɗalibai cewa akwai saɓani. Wannan take ya dace da ɗabi'ar ɗan jarida ƙwarai, domin darasinsa na farko a makaranta shi ne jin ta bakin kowane ɓangare.

A Oktoban 2004 hukumar makarantun Dover, a jihar Pennsylvania, ta yanke cewa a karanta wa ɗalibai wata sanarwa mai nuna giɓi a nazariyyar Darwin, a kuma nuna musu littafin Of Pandas and People a matsayin madadi. Iyaye goma sha ɗaya suka kai ƙara. Abin da ya shafi maƙalar nan ya faru ne tun a watan Yunin shekarar. Wakilan jaridun yankin biyu, York Daily Record da York Dispatch, sun ruwaito cewa wasu mambobin hukumar sun fito fili a taro sun nemi a koyar da halitta kai-tsaye, da dalilai na addini. Da magana ta je kotu sai mambobin suka musanta, suka ce 'yan jaridar ne suka ƙaga saboda son kai. Aka kira wakilan biyu suka ba da shaida bisa rantsuwa. Aka kuma kunna faifan wani gidan talabijin inda ɗaya daga mambobin, William Buckingham, yake furta kalmar halitta kai-tsaye da ya ce bai furta ba.

Alƙali John E. Jones III ya yanke hukunci ranar 20 ga Disamba 2005, cikin shafuka 139. Ɗan jam'iyyar Republican ne, mai zuwa coci, kuma Shugaba George W. Bush ne ya naɗa shi, don haka da wuya a jingina masa ƙiyayya ga addini. Ya ce wasu mambobin hukumar sun yi ƙarya don ɓoye manufarsu, ya kuma ce ƙira mai hikima ba kimiyya ba ce. Daga cikin hujjojin da ya dogara da su akwai binciken Barbara Forrest a kan tsofaffin kwafen littafin Of Pandas and People, wanda ya nuna cewa bayan hukuncin 1987 an bi rubutun an cire kalmomin halitta kai-tsaye wajen sau 150, an maye gurbinsu da na ƙira mai hikima, sauran bayanin kuwa yana nan yadda yake. Michael Behe, babban mai ba da shaida a ɓangaren wannan ra'ayi, ya amsa a gaban kotu cewa babu maƙalar da masana suka tantance wadda ta kawo gwaji ko lissafi dalla-dalla kan yadda aka ƙera wani sashe na halitta.

A nan an samu abin da ba safai ake samu ba. An yi zargin son kai, an bincika shi da rantsuwa da faifai, aka tarar rahoton gaskiya ne.

4. Raba fili daidai da auna hujja

A 2005 ne Chris Mooney da Matthew Nisbet suka wallafa nazari a mujallar Columbia Journalism Review. Sun lura cewa muddin labarin juyin halitta yana hannun wakilan kimiyya, ana bayyana inda hujja ta karkata. Da zarar ya koma shafin siyasa ko na ra'ayi, sai ya zama "wane ya ce, wane ya musa", mai karatu ya tashi da zaton masana sun rabu gida biyu. Maxwell da Jules Boykoff sun ga irin haka a 2004 game da ɗumamar yanayi: fiye da rabin rahotannin manyan jaridun Amurka huɗu da suka nazarta, daga 1988 zuwa 2002, sun ba ɓangarorin biyu nauyi kusan ɗaya. A 2011 Farfesa Steve Jones, wanda hukumar amintattun BBC ta ɗora wa bitar rahotannin kimiyya na kafar, ya yi gargaɗi kan wannan daidaito na jabu.

Masana kuwa ba su rabu gida biyu ba. Binciken cibiyar Pew na 2014 ya nuna kashi 98 cikin ɗari na masana kimiyyar da ke babbar ƙungiyarsu ta Amurka sun yarda ɗan Adam da sauran halittu sun sauya a tsawon zamani. Yawan masu ra'ayi ba hujja ba ne a karan kansa. Abin dubawa shi ne dalilin haɗuwarsu. Neil Shubin da abokan aikinsa sun yi hasashen cewa idan dabbobin tudu daga kifaye suka fito, ya kamata a samu halitta mai siffofin duka biyun a duwatsun da suka kai shekara wajen miliyan 375. Suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, inda irin waɗannan duwatsu suke a fili, kuma a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai wuya da ƙasusuwan gaɓa a cikin fiffikensa. Haka batun kuromosom: ɗan Adam yana da tagwaye 23, cimfanzi da goggon biri suna da 24, kuma da aka duba kuromosom na biyu na ɗan Adam sai aka ga alamun haɗewar guda biyu a tsakiyarsa. Nazariyyar da ke faɗin abin da za a tarar, a je a tarar, ba a ajiye ta a mizani ɗaya da wadda ba ta faɗi komai da za a iya gwadawa ba. Saɓanin da ke tsakanin masanan a kan sauri ne da hanyoyi da yadda rassan dangantaka suka rabu.

Inda jama'a suka rabu da gaske, wajibi ne a faɗa. Gallup ta samu kashi 40 na Amurkawa a 2019 suna cewa an halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekaru dubu goma da suka wuce. Amma ko wannan adadi yana son taka-tsantsan. A shekarar ce Pew ta wallafa gwajin da ta yi wa tambayar ta siga biyu. Da aka ce mutum ya fara zaɓa tsakanin sauyi da rashinsa, kashi 31 suka musanta sauyin. Da aka sa masa zaɓin "an sauya bisa ikon Ubangiji" tun a tambayar farko, adadin ya sauko zuwa 18. Mutane da yawa, ashe, suna gudun a lissafa su cikin marasa imani ne. Ɗan jaridar da ya ɗauko adadi ɗaya ya yi kanu da shi ya ɓoye rabin labarin.

5. Inda ƙorafin yake da gaskiya

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi yawan makaman da masu musun juyin halitta ke riƙe da su, jarida ce ta miƙa musu.

A 1922 Henry Fairfield Osborn ya bayyana wani haƙori da aka tsinta a Nebraska a matsayin na wani biri mai kama da mutum. Mujallar Illustrated London News ta ɗauki haƙori guda ta zana cikakken mutum da shi, har da matarsa, zanen da shi Osborn bai amince da shi ba. A 1927 aka janye da'awar, domin haƙorin na wani nau'in aladen daji ne. A Nuwamban 1999 National Geographic ta tallata Archaeoraptor a matsayin mahaɗa tsakanin tsuntsaye da dabbobin dinoso, alhali mujallun bincike biyu, Nature da Science, sun ƙi karɓar maƙalar. Daga baya aka tabbatar an harhaɗa shi ne daga ƙasusuwan dabbobi daban-daban. A Mayun 2009 aka ƙaddamar da burbushin da aka laƙaba wa Ida, mai shekara miliyan 47 daga ramin Messel na Jamus, da taron manema labarai a New York da littafi da shirin talabijin duk a lokaci guda, ana kiransa mahaɗar da ta ɓace a tarihin ɗan Adam. Kafin shekarar ta ƙare wani bincike a Nature ya mayar da shi can wani reshe da ba namu ba. A duk waɗannan, da ƙoƙon kan Piltdown na jabu da ya yaudari Ingila daga 1912 zuwa 1953, masana ne suka bankaɗo kuskuren da kayan aikin kimiyya. Sai dai gyara ba ya samun bangon mujalla kamar yadda zuzutawa ta samu, kuma mai karatu yana da uzuri idan ya fara shakka.

Zuzutawar tana cin ɗaya ɓangaren ma. A Janairun 2009 mujallar New Scientist ta buga a bangonta cewa Darwin ya yi kuskure. Abin da ke ciki bayani ne kan yadda ƙananan halittu ke musayar ƙwayoyin gado a tsakaninsu, abin da ya sa dangantakarsu ta fi kama da raga fiye da bishiya, kuma editocin sun faɗa a ciki cewa wannan bai rushe juyin halitta ba. Bangon ne ya yi tafiya. Nan da nan aka ambace shi a muhawarar manhajar kimiyya ta jihar Texas. Wannan ya nuna inda zuciyar kafar labarai take: tana son rigima da abin mamaki fiye da yadda take son Darwin ko abokan hamayyarsa.

Laifi na uku, bayan raini da zuzutawa, ya fi sauran nauyi a wurina. Shi ne a gayyato Richard Dawkins, marubucin The God Delusion (2006), a zaunar da shi gaban Ken Ham, mai wa'azin halitta kai-tsaye, ko makamancinsa, a ce ga kimiyya ga addini. Cewa babu Mahalicci da'awa ce ta falsafa, babu ɗakin gwajin da ya fitar da ita, kuma rahoton da ya gabatar da ita a matsayin sakamakon bincike ya yi son kai. Irin wannan zama yana shafe mutane kamar Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam kuma Kirista ne mai riƙo da addininsa, yana kuma shafe saƙon Fafaroma John Paul II na 1996 da ya amince da ƙarfin hujjojin nazariyyar. Masu wannan matsayi suna da yawa, amma ba su da daɗin kallo a talabijin.

6. Muhawarar a duniyar Musulmi, da abin da ya rage gare mu

Jarida ce ta kai Darwin ga masu karatun Larabci, musamman mujallar al-Muƙtaɗaf da aka kafa a Beirut a 1876. A ƙarshen shekarun 1880 Shaikh Husain al-Jisr na Ɗarabulus ya rubuta al-Risala al-Hamidiyya, inda ya yi watsi da aƙidar masu musun Mahalicci, ya ce nazariyyar ba ta kai matsayin yaƙini ba a zamaninsa, amma ya bar ƙofar tawili idan hujja yankakkiya ta tabbata. Wato ya raba tambayar kimiyya da ta aƙida, abin da jaridun yau da yawa suka kasa. A 2021 Shoaib Ahmed Malik ya nuna cewa matsayan malaman Musulunci sun kai huɗu, ciki har da na waɗanda suka karɓi juyin halitta a sauran halittu suka keɓe Annabi Adamu, alaihis salam. Wanne ne daidai, wannan fage ne na malaman aƙida da tafsiri, ba na ɗan jarida ba. Nasa shi ne ya san matsayan suna nan, kada ya nuna guda ɗaya kawai.

Akasin haka shi ne littafin Atlas of Creation na Harun Yahya, wanda aka riƙa aika wa makarantun Faransa kyauta a 2007. Hujjojinsa da yawa aro ne daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka, kuma an samu hoton ƙugiyar kamun kifi mai siffar ƙwaro a cikinsa an gabatar da ita a matsayin ƙwaro mai rai. A Oktoban 2009, da aka bayyana Ardi, burbushi mai shekara miliyan 4.4 daga Habasha, shafin Larabci na Aljazeera ya ba da labarin a matsayin abin da ya soki nazariyyar Darwin, alhali masu binciken sun gabatar da shi ne a matsayin ƙarin bayani a cikinta.

Batun bai yi mana nisa ba. A Yulin 2001 aka tono ƙoƙon kan Toumaï, mai shekara wajen miliyan bakwai, a hamadar Djurab ta Cadi, kuma ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, shi ya fara ganinsa. Har yau masana na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Wannan saɓani ne na gaske da ya cancanci a ji kowane ɓangare. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Haka kulorokwin ya daina aiki domin ƙwayoyin cutar da suka jure masa su ne suka rage suka hayayyafa. Masu musu da yawa sun yarda da irin wannan ƙaramin sauyi, gardamarsu a kan tushe guda take, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka.

Kirana ga editocin kafafen Hausa da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu shi ne: kada a fassara kanun wata kafar waje kan irin wannan batu sai an nemo ainihin binciken an karanta, ko an kira masanin fannin a sashen nazarin halittu mafi kusa. A tambayi masanin kimiyya abin da aka gano da yadda aka gano shi, a tambayi malamin addini abin da nassi ya ce da yadda magabata suka fahimce shi, a kuma bayyana wa mai sauraro wace tambaya kowannensu yake amsawa.